Babbar Mota Ta Ƙi Tashi Kuma Kik Na Juyawa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Matsalar Mai

Assalamu alaikum. Sana'ata gyaran manyan motoci masu shan gas a nan Kano, tifa da tirela da Canter da duk wadda Allah ya kawo. Tambayoyin nan su ne direbobi da masu mota suke min kusan kullum, wani ya tako har gareji wani kuma ya kira ni ƙarfe biyun dare yana bakin titi wajen Kwanar Dangora da lodin masara a bayansa. Abin da ya dame ni har na zauna rubutawa shi ne yawan injektar da ake kwancewa, wato babban famfon da ke harba mai cikin inji, alhali ba ta yi laifin komai ba, a kashe wa mai mota kuɗi masu nauyi, mota ta yi sati a kwance, a dawo a ɗaura kuma matsalar tana nan inda take. Mai daga tanki yake tasowa, toh daga tanki ake fara bincike.

Oga na yi mata ki tana juyawa amma ta ƙi kamawa, ta ina zan fara?

Fara da kunnenka. In kik ɗin yana juya inji da ƙarfi kamar yadda ka saba ji, toh batir da kik sun fita daga zargi. In kuwa yana ja da ƙyar kamar mai jin barci, ko ka ji ƙas ƙas kawai, wannan ba maganar mai ba ce tukuna, je ka duba kan batir da waya. Manyan motoci batir biyu ne masu 12 aka haɗa suka ba da 24, ɗaya ya mutu ya ja ɗan'uwansa, kuma injin gas ba shi da fulogi, zafin matse iska ne yake kunna man, in bai juya da sauri ba ko mai ya cika shi ba zai tashi ba.

Bayan nan sa yaronka ya tsaya wajen salansa kai kana yin ki. In babu hayaki ko kaɗan, mai ba ya shiga inji. In farin hayaki yana fita mai warin ɗanyen gas, man yana zuwa amma ba ya ƙonewa, nan sai a koma tunanin hita mai ɗumama inji kafin ya tashi, ko ruwa a cikin man ko injin ya gaji. Wannan kallon salansar na minti ɗaya ya raba maka hanya biyu.

Kuma don Allah kar ka danne ki kana ta nika. Sakan 15, ka saki, ka ba shi kamar minti biyu ya huce. Na sha zuwa gyaran filta na tarar an ƙona kik a kan hanyar jirana.

Ai geji yana nuna akwai mai, ta ya za a ce mai ne?

Geji ba shaida ba ne. Buɗe tanki ka zura sanda mai tsafta ka gani da idonka. Abin da ke yawo a kan mai cikin tanki yana maƙalewa, waya tana cin tsatsa, akwai motocin da gejinsu ya shekara a rabi bai motsa ba. Sannan bututun da ke zuƙo mai ba ya taɓa gindin tanki, akwai ɗan tazara, in man ya yi ƙasa kuma ka faka a gangare ko tifa ta karkata a ramin yashi sai man ya gudu gefe ɗaya, bakin bututun ya tsaya a iska. Kai kana ganin mai ita mota ba ta ganinsa. Mai tanki biyu kuma ya duba famfon da ke tsakaninsu, ana rufe shi a manta. Ban da maganar wanda aka zuƙe masa da daddare, wannan duk direban da ke kwana a tasha ya san ta.

Wai ta ina man yake bi kafin ya isa inji?

Tanki, sai bututun zuƙa mai 'yar rariya a bakinsa, sai filta ta farko wadda take tare ruwa da manyan datti, yawanci tana da kofi a ƙasa, sai fid-fam wato ƙaramin famfon da ke jawo man, galibi a jikinsa ko a kan filta famfon hannu yake, sai filta ta biyu mai tace ƙananan datti, sai injekta, daga ita fayif-fayif na ƙarfe su kai wa nozul masu fesa man cikin inji. Wanda ya yi saura ya bi ritan ya koma tanki. Ka haddace jerin nan, duk gyaran a cikinsa yake.

Sun ce motata ta sha iska, amma wallahi ba inda mai yake zuba. Ta ina iskar ta shiga?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Daga tanki zuwa fid-fam man ba turo shi ake ba, zuƙo shi ake, kamar yadda kake shan lemo da tsinke. In tsinken ya tsage ai lemo ba ya zubowa, iska kake sha. Haka tiyon mota, 'yar tsaga kamar gashi ta isa, waje a bushe ƙarau amma ciki iska na shiga. Shi kuma gas ba ya matsuwa, iska tana matsuwa, injekta ta turo sai iskar ta lanƙwashe kamar soso, ƙarfin da zai buɗe nozul ba zai taru ba.

Wuraren da na fi kamawa: tiyon roba da rana ta gasa ya tsattsage a daidai bakin kilif, washar jan ƙarfe ta noti mai rami da aka kwance aka mayar sau goma har ta zama kamar takarda, robar filta da ba ta zauna ba ko aka bar tsohuwar a manne aka ɗora sabuwa a kanta, ɗan notin zubar da ruwa na ƙasan kofi da bai ɗauru ba, da shi kansa famfon hannu in ya tsufa. Akwai kuma wanda ba a gani sai an zaro, bututun cikin tanki ya tsage daga sama saboda girgizar hanya, irin wannan in tanki a cike yake mota lafiya lau, da mai ya sauka ƙasa da tsagar sai ta fara shan iska. Duk direban da ya ce min motarsa ba ta son mai ya yi ƙasa da rabi, na san inda zan nufa.

Alamar da ta fi bayyana ita ce ta safe. Jiya ka kashe ta lafiya, yau sai ka buga famfon hannu kafin ta tashi, in ta tashi kuma ta wuni ba matsala. Man ne yake sulalewa ya koma tanki cikin dare, ko dai ta wata kafa da iska ke shiga ko ƙananan bawul na cikin fid-fam sun daina riƙewa. Hanya mafi sauƙi ta kamawa ka sa guntun farin tiyo da ake ganin ciki kafin fid-fam, ka tayar, in ka ga kumfa na wucewa kamar carbi ka matsar da tiyon baya wajen tanki, inda kumfar ta ɓace toh tsakanin nan da wurin farko ɓarnar take.

Yaya ake cire iskar? Mai ya ƙare min a hanya na zuba amma ta ƙi.

Wannan ga masu tsohuwar injekta nake magana, masu kwamfuta suna da tasu amsar a ƙasa.

A kan filta ta biyu akwai ɗan notin iska, sassauta shi kaɗan kar ka cire gaba ɗaya. Murɗe kan famfon hannu ya taso, ka yi ta bugawa. Da farko fuuu za ka ji, sai kumfa fari kamar na omo, ci gaba har sai gas ya fito tas babu ƙwayar kumfa, sai ka ɗaure notin man yana kan fita. In injektar tana da nata notin iskar ka yi mata haka. Ka ƙara bugawa har ka ji famfon ya yi tauri a hannunka, ka danna shi ka murɗe ya kulle, kar ka bar shi a sake don ta nan ma iska na shiga. In har yanzu ba ta kama ba, ɗauki sifana 17 ko 19 ka sassauta fayif biyu ko uku a wajen nozul, a yi ki, da ka ga suna tofo mai a ɗaure, yawanci za ta fara tari tana girgiza sai ta daidaita. Hannunka da fuskarka su yi nesa da wajen, ka yafa tsumma a kai.

In ka yi ta bugun famfo har kafaɗa ta gaji bai yi tauri ba kuma kumfa ba ta yanke ba, daina, ba iskar da ta shiga kake cirewa ba, sabuwa kake ja.

Mene ne gwajin galan da kanikawa suke cewa?

Shi ne gwajin da na fi yarda da shi a duk aikin nan, kuma bai wuce galan ɗaya na gas mai kyau da tiyo mita biyu ba. Ka cire tiyon da ya taso daga tanki a bakin fid-fam, ka sa naka sabo, ɗaya bakin ka tsoma a galan. Ka tuna ka karkato ritan shi ma ya zuba a galan ɗin, in ba haka ba cikin 'yan mintuna man zai ƙare don ya tafi tanki. Cire iska, yi ki. In ta tashi tana aiki sumul, magana ta ƙare, injekta da nozul da fid-fam duk lafiyarsu ƙalau, ɓarnar tana tsakanin tanki da inda ka cire. In ta ƙi, sai ka matsa gaba.

Wata tifa aka taɓa jawo min, ta ɗibar yashi ce, sau biyu ana kwance injektarta ana kai wa gyara, mai motar dattijo ne ya zo da kansa ya zauna a benci ya yi tagumi, ya ce min malam ni dai na gaji, in sayar da ita ne mafita ka faɗa min gaskiya. Na ce Alhaji a ba ni rabin awa. Muka ɗora galan, bugu ɗaya ta tashi, muka bar ta a sulo ta fi minti ashirin ko tari ba ta yi ba. Muka sauke tanki muka juye a cikin rabin duro, abin da ya fito ba zan manta ba, baƙar laka mai yauƙi kamar ta kwata, ɓarɓashin tsatsa, sai wani guntun baƙar leda kamar tafin hannu, irin wadda ake naɗewa a bakin tanki in murfi ya ɓata. Ita ce take yawo a cikin mai, in fid-fam ya ja sai ta zo ta manne a bakin bututu, in an kashe mota ta saki ta koma yawonta. Dattijon ya ɗauki ledar yana juya ta a hannu ya daɗe bai ce komai ba. Har yau in na tuna kuɗin da ya kashe a kan ledar nan raina yana ɓaci, domin duk wanda ya taɓa motar kafin ni da ya yi gwajin nan da ya gani.

Tana tashi lafiya, in na yi tafiya kaɗan ko na hau gada da kaya sai ta mutu, in ta huta ta kuma tashi. Mene ne?

Mai na zuwa amma ba ya isa. Ko filta ta toshe, ko rariyar tanki, ko wani abu na yawo a tanki irin ledar can, ko tiyo ya ruɓe ta ciki yana shaƙewa in an ja. Akwai guda ɗaya da ake mantawa, numfashin tanki. Mai na fita dole iska ta maye gurbinsa ta 'yar kafar murfi ko ɗan tiyon sama, ƙurar Kano kuwa ba ta barin kafa a buɗe. Da ta mutu ka sauka da sauri ka buɗe murfin, in ka ji ya ja iska fuup, ka bar shi a sassauce ka gwada tafiya.

Ta ya zan gane akwai ruwa a gas ɗina?

Ruwa ya fi gas nauyi, kullum ƙasa yake kwanciya. Nemi gorar ruwa ta roba wadda ta bushe, buɗe ɗan notin ƙasan kofin filta ka tara, ka ajiye minti biyar. In da ruwa za ka ga layi ya raba su, ruwa a ƙasa gas a sama. In man ya yi dishi-dishi kamar an ɗiga madara, ruwan ya gauraya da shi ne.

Da damina ya fi yawa, murfi marar roba, duron da aka bari a waje ruwa ya taru a kansa, ga wanda ake siya a jarka bakin hanya ba ka san inda ya kwana ba. Ko tankin da ake bari kusan wayam yana yin gumi ta ciki in dare ya yi sanyi. Kuma ruwan nan in ya daɗe a gindin tanki shi ke haifar da baƙin yauƙin da ke toshe filta, wasu ƙwayoyin halitta ne suke rayuwa a tsakanin ruwan da man. Ruwa yana sa tsatsa a cikin injekta, yana lalata bakin nozul. In ka samu da yawa kar ka tsaya a kofi, a zubar da na gindin tanki, a canza filta duka biyu. Ni shawarata kowace safiya da damina kafin ka yi ki ka tsiyaye kofin nan, bai kai minti ɗaya ba.

Filta ta yi tsada, ba zan iya wanke ta da fetur in mayar ba?

A'a. Takarda ce a ciki mai ƙofofin da ido ba ya gani, dattin ya riga ya shige jikinta, in ka wanke ko ka busa mata iska yaga ta kake yi, ta daina toshewa saboda ta daina tacewa. Wanda ya fi wannan muni shi ne masu huda ta da sukundireba ko su tsallake ta da tiyo wai don a ƙarasa gida. Na san halin da ake ciki, tun da gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022 kowa lissafi yake, amma kuɗin filta ko kusa bai kama ƙafar kuɗin nozul ɗaya ba balle injekta. In ka shiga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ka tafi da tsohuwar a hannu ko lambarta, ka ɗaga ka ji nauyi, ka leƙa ramin tsakiya, ka duba robar. Filta biyu za su iya zama kamanni ɗaya a waje tacewarsu ta bambanta, ta masu kwamfuta tana tare datti ƙanana sosai har wajen maikiron 5 zuwa ƙasa, ta tsofaffi ba ta kai haka ba.

Wajen ɗaurawa ka shafa wa robar ɗan gas, ka ɗaure da hannu. In za ka cika ta da mai kafin ɗaurawa, mai tsafta, kuma ta ƙananan ramukan gefe ba ta babban ramin tsakiya ba, don na tsakiyar kai tsaye injekta yake tafiya ba tacewa.

Mai yana zuwa har injekta amma ba ya fita ta fayif. Ta mutu kenan?

Tukuna. Duba abin kashe mota. Injin gas hana shi mai ake yi ya mutu, tsofaffi da igiyar ƙarfe ake ja, wasu da iska, wasu da solonoid na wuta a jikin injekta. Igiyar tana maƙalewa a ja, hannun injektar bai koma ba. Mai solonoid kuma sa wani ya kunna ki kai ka ɗora hannu a kai, ya kamata ka ji ƙat. In shiru, duba fis da rile da wayar kafin ka zargi kowa, sau da yawa waya ce ta zare ko ɓera ya ci, musamman motocin da ke kwana wajen hatsi irin Dawanau. Wanda aka sa wa na'urar tsaro ta kashe mota daga nesa shi ma ya tuna da ita, ta nan ake yanke wutar.

Tawa sabuwa ce mai birenbos, wato kwamfutar mota, duk wannan ya shafe ni?

Daga tanki zuwa filta duk ɗaya ne, iska da ruwa da datti ba su san sabuwa ba, hasali ma sababbin sun fi rashin haƙuri. Daga babban famfo zuwa gaba ne labari ya canza. Irin Howo ɗin da suka cika gari akwai masu tsohuwar injekta akwai masu kwamfuta, ka fara sanin wacce ce taka. Masu tsarin komon rel famfo yana tara mai a bututu ɗaya mai kauri da ƙarfin da yake kaiwa 1,600 har 2,000 a ma'aunin matsi da ake ce wa ba (bar), tayar tirela da kake gani da taurinta wajen ba 8 ce kawai, kaga bambancin. Man da ya tsarto da wannan ƙarfin yana huda fata ya shiga nama, ƙofar ciwon kamar ta allura amma yana iya jawo a yanke yatsa, wanda hakan ta same shi asibiti zai nufa a take ko da bai ji zafi ba. Saboda haka kar ka sassauta fayif ɗin nozul ana yin ki, kar ka bi fayif da yatsa kana neman yoyo. Iska a wajen filta ake cire ta da famfon hannu, sauran ita za ta kora da kanta.

Kuma birenbos ba zai buɗe nozul ba sai ƙarfin ya kai wani mataki, wajen ba 200 zuwa 300 lokacin yin ki, sannan sai ya ga saƙon sensar da ke gaya masa inji na juyawa. Nozul ɗaya in yana zubar da mai da yawa ta ritan ya isa ya hana ƙarfin taruwa, mota ta ƙi tashi gaba ɗaya. Wannan aikin mai na'urar dubawa ne, ya jona ya karanta ƙarfin ana yin ki, sannan a auna ritan na kowane nozul a kwalabe a ga wanda ya fi cika. Canza kaya da ka a irin motar nan shi ne hanyar talauci mafi sauri.

Ana cewa a jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin iyakilina, ya halatta?

Ni ba na yi kuma ba na barin yarana su yi. Fetur yana kamawa tun fistin bai kai inda ya kamata ba, bugun da kake ji ƙwal ƙwal ɗin nan ringi da kan fistin ne suke karɓa. In motar tana da hita a hanyar iska zai iya kamawa da wuta a fuskarka, inji kuma yana iya zuƙe tsumman ya tafi da shi cikin tabo, fankar nan da ke tura iska cikin inji. Sannan ko ta tashi ba ka gyara komai ba, da warin fetur ɗin ya ƙare za ta mutu.

Da hunturu sai ta wahalar da ni da asuba, man ne yake daskarewa?

Sanyin Kano ba ya kaiwa inda gas zai yi kitse, wannan sai ƙasashen ƙanƙara. Duba batir da hita, in farin hayaki na fita sosai kuma injin ya tsufa a auna matsinsa. In kuwa bugun famfon hannu yana sa ta tashi nan take, koma amsar iska, sanyi yana sa tsohuwar roba ta ƙanƙance kafa ta buɗe.

Gas ɗin da aka haɗa da kananzir fa, ko aka yi kuskure aka zuba fetur?

Gas ba ƙonewa kawai yake ba, shi ne man shafawar injekta da nozul. Kananzir ba shi da wannan santsin, mota za ta tashi ta yi tafiya amma ƙarfe na cin ƙarfe a ciki a hankali. Ɗiga a yatsa ka murza, gas mai kyau yana da santsi kuma ba ya bushewa da wuri, ka kuma shinshina. Fetur kuwa in an zuba da yawa kar ma ka kunna ki, a juye tanki, a canza filta. In ka yanka tsohuwar filta ka ga ƙyalli-ƙyalli kamar garin azurfa a jikin takardar, famfo ya fara cin kansa, a nan dole a wanke layin gaba ɗaya har tanki.

Mu masu ƙananan motocin kaya na fetur, irin kurkura da Hilux, me za mu duba?

Ku naku ya fi sauƙi. Kashe rediyo, kunna ki ba tare da ka tayar ba, ka saurara wajen tanki, a yawancin masu nozul za ka ji zuuu na sakan biyu ko uku, famfon cikin tanki ne. In shiru, fis da rile tukuna, za ka iya musanya rilen da na hon in iri ɗaya ne ka gwada. In an bubbuga gindin tanki da hannu ana yin ki ta tashi, famfon ya zo ƙarshe, kai ta gareji kai tsaye kar ka ɗauki lodin kasuwar Singa da ita. Jin ƙararsa kuma ba ya nufin yana da ƙarfi, masu nozul suna son wajen ba 3 zuwa 4, a sa geji a auna. Mai kafireto ya cire iyakilina ya leƙa a taka totur, in ba ka ga fetur ya tsarto ba bai iso ba. Duk wannan ba sigari ba wuta a kusa, kuma ku ku tuna kuna da fulogi, a duba wuta kafin a ɗora wa mai laifi.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 mutane suka koma zuba lita uku lita biyar, kullum tanki a ƙasa. Famfon nan fetur ɗin da yake nutse a ciki ne yake sanyaya shi, in kullum a fili yake zafi zai gajarta masa kwana, ga dattin gindi da yake ta zuƙa. Wanda zai iya ya riƙe ta a kwata ya dinga ƙari a kai, kuɗin da yake kashewa kullum ba zai ƙaru ba, cikon farkon ne kawai mai wuya.

Toh yaushe ne ya kamata a kwance injekta?

In an yi gwajin galan da mai mai kyau, filta sabuwa, fid-fam yana turowa da ƙarfi, bawul ɗin obafulo na bakin ritan, mai tare matsin mai a cikin injekta, yana riƙewa, babu kumfa, abin kashewa ya saki, amma fayif ba sa tofo mai ko suna yi da rauni. A nan ne. Alhaji mai mota, in an kira ka an ce injekta ce, ka tambaya cikin mutunci ko an gwada ta da galan kuma me aka gani, bakanike na gari ba zai ji haushin tambayar nan ba. In za a kwance a yi maki a kan tayimin, a toshe bakin kowane fayif kar ƙura ta shiga, a kai wa masu injin gwaji tare da nozul ɗin duka, kuma kafin ta dawo a wanke tanki, in ba haka ba abin da ya kashe ta yana nan yana jiranta.

Me zan riƙa ajiyewa a mota saboda hanya?

Filta biyun nan sababbi a ledarsu da abin kwance su, tiyon mai mita biyu da guntun fari, kilif huɗu ko biyar, washar jan ƙarfe 'yan kaɗan a ƙulle a leda, sifana 10 da 13 da 17 da 19, fis, tocila, galan mai murfi da ba a taɓa zuba masa ruwa ba, da mazurari mai rariya ko ƙyalle mai tsafta na tace man jarka in dole ta sa ka siya. Sannan ranar da mota take lafiya, a gareji da rana tsaka, ka sa bakanikenka ya nuna muku kai da yaronka inda notin iska da famfon hannu da notin zubar da ruwa suke a taka motar, ku yi da hannunku sau ɗaya yana tsaye.